Wandon da Baffa Ya Bari a Sabon Gari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa, ƙanen ubana, ya rasu ran Talata da hantsi. An kai shi kafin azahar, kuma tun daga lokacin nake zaune a zauren gidanmu ina sauraron ƙarya mai ladabi.

Ban ce masu gaisuwa mugaye ne ba. Sun tako, Allah ya ba su ladan tako. Amma ka ji abin da suke faɗi. Wannan ya ce, "Bawan Allah mai haƙuri." Wancan ya ce, "Ba a taɓa jin shi da kowa ba." Duk wanda ya faɗi haka bai san Baffa ba, don ni na ji shi da mutane, kuma da ƙarfi. Wani matashin malami da ko tsawon mamacin bai sani ba ya gyara rawani ya ce ai marigayi ya ƙare rayuwarsa a fataucin fata, sana'a mai albarka. Kowa ya gyaɗa kai.

Mutum ɗaya ne ya kusa faɗin gaskiya, wani tsohon mahauci da haƙoransa suka zube. Ya gama addu'a, ya shafa, sai ya yi murmushi shi kaɗai ya ce, "Kai, amma fa in yat tare tamaula da ƙirji, sai ka ce ƙwai anka aje mai bisa auduga..."

Malam ya yi gyaran murya. Malam wan ubana ne, wan mamacin kuma, shi ne mai gidan. Bai ko dubi mahaucin ba ya ce, "Allah shi gafarta mai ƙuruciyatai."

Zaure ya ce amin. Mahauci ya haɗiye sauran maganarsa ya nemi takalmansa.

Ƙuruciya. Abin da suka mai da shi ke nan. Mutum ya ba abu ƙarfinsa da sunansa da ƙafarsa ta dama, a taƙaice shi da kalma ɗaya kamar yaron da ya saci mangwaro. Baffa bai bar ɗa ba, matarsa ta riga shi da daɗewa. In ni ban faɗa ba, babu mai faɗa. Ni kuwa ba malami ba ne. Allona bai kai ko'ina ba, bokona ya tsaya a aji uku na elemantare lokacin da aka cire ni da ƙarfi. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya yi haƙuri. Ƙafar wanda nake rubutawa a kansa ma a karkace take.

Bari in fara da abin da gidanmu ba ya son a tuna. Baffa bai kai kansa wurin Nasara ba. Kai shi aka yi.

Gwaggo, ƙanwarsu, ita ta ba ni labarin, kuma tana da rai, wanda ya musa ya je ya tambaye ta. Lokacin da Turawa suka zauna da gindinsu a Sakkwato, suka buɗe makarantarsu, sai aka aiko kowane babban gida ya ba da yaro. Kakanmu ya tattara 'ya'yan da yake so, Malam da ubana, ya tura su ƙauye wurin masu yi mana noma, wai sun tafi karatu. Ya duba cikin gida ya ga wane ne in an ɗauka babu uwar da za ta yi kururuwa. Uwar Baffa ta rasu tun yana goye. Aka yi masa aski, aka sa masa rigar wansa da ta yi masa yawa, dogari ya riƙe hannunsa. Gwaggo ta ce yana tafe yana waiwaye, ba wanda ya fito ƙofa.

Da shi gidan ya fanshi kansa. Malam ya zama Malam ne don an sami wanda za a bayar a madadinsa. Ku riƙe wannan.

A can ya koyi karatunsu, ya koyi tamaula. Karatun bai dame shi ba. Tamaular ce ta kama shi. Da ya fito, wani kamfanin Turawa mai sayen fatun jar akuya ya ɗauke shi, wai mai duba fata. Mai duba fata! Baffa da bakinsa ya ce mini a lokacin bai san fatar akuya da ta tunkiya ba sai ya ga gashi. Aikinsa na gaskiya ran Asabar ne da la'asar. Baturen kamfanin yana da ƙungiya, Turawan bariki suna da tasu ta sojoji, kowa yana son ya yi wa ɗan'uwansa dariya a kulob ɗinsu. Don haka ake ciyar da Baffa. Kamar yadda mai hali ke ajiye doki.

Ni ina tasowa na gan shi a fili, ba labari aka ba ni ba. A tsakiya yake tsayawa. Ba ya cikin masu tsaron baya, ba ya cikin masu ci. Duk ƙwallon da za ta tashi daga baya ta kai gaba sai ta bi ta ƙafarsa. Ba takalmi. Tsumma yake naɗewa a idon sawu, ya ɗaure tam. Sauran suna bin ƙwallo gaba ɗaya kamar kajin da aka watsa wa tsaba, shi yana tsaye yana juya kai, dama, hagu, baya. Sai ka ga ya taka zuwa wani wuri da babu kowa, ka ce me ya kai shi can, sai ga ƙwallo ta zo ta same shi. Ya taɓa ta sau ɗaya, ta tafi.

Na tambaye shi yadda yake yi. Ya ce, "Ku kuna duban inda take. Ni ina duban wa za ni ba tun ba ta zo ba."

Wanda yake ba kuwa kusan kullum mutum ɗaya ne: Tela. Bayarabe ne, mutumin Ilori, mai keken ɗinki a Sabon Gari, gajere, mai gudu kamar an koro shi. Shi ke ci. Shi ake ɗagawa sama, shi makaɗa ke wasawa, shi Bature ke bubbuga wa baya. Baffa yana bin su a baya da ƙwallo a hammata, zai kai wa baduku ya duba ɗinkin. Abin yana ci mini rai. Na ce, "Baffa, kai ka yi aikin, shi anka ɗauka." Ya ce, "Shi ya san wa yab ba shi. Tambaye shi ka ji. Su waɗancan ihu sunka zo yi, bar su su yi."

Haka yake har a kan akushi. In muna cin tuwo aka sami tsoka, sai ya sa yatsa ya turo ta gabanka ya ce, "Ci, kai ke gaban raga." Bayan rasuwar ubana shi ya riƙe ni, shi ya sa ni makaranta, shi kuma ya yi faɗa har muryarsa ta dushe ranar da Malam ya aiko aka cire ni, wai gida ɗaya ba zai yi hasarar mutum biyu ba.

To ga maganar wando, wadda ita ce duk maganar.

Kayan wasan kamfani sun zo daga Ingila, riga da wando guntu iya cinya. Baffa ya ɗaga wandon ya duba, ya ce shi ba zai sa ba. Daga cibiya zuwa gwiwa al'aura ce, wannan ko yaron allo ya sani, shi kuma ɗan gidan malamai ne ko da gidan ya yar da shi. Bature ya yi ja, ya ce kowa haka yake sawa. Baffa ya ce to kowa ya buga masa tsakiya. Ya zauna a gefe wasa ɗaya, aka yi musu cin kaca. Asabar ta gaba Bature ya ce ya sa abin da ya ga dama.

Nan ya je wurin Tela, nan abotarsu ta ƙullu. Tela ya nemo yadi mai kalar na kamfani, ya ɗinka masa wando mai faɗi da ya sauko har ƙwauri, da igiya a ƙasa don kada ya tattare in yana gudu. Shi kaɗai ke da irinsa a duk filin. Sojoji suna yi masa ba'a, matan Turawa suna rufe baki da mafici. Baturensa ya laƙa masa "Malam", don izgili. In an tafi hutun rabin lokaci kowa na shan lemun tsami, shi yana bayan raga yana la'asar, alƙalin wasa yana tsaye da usur a baki yana jiransa. Da wandon nan ya je Gusau, ya hau jirgin ƙasa a Ƙaura ya je Zariya da Kano. Duk inda suka je ana cewa ga mai dogon wandon Sakkwato.

A bariki shi ne Malam. A gida shi ne Ɗan Nasara.

Ina nan ranar da suka yi ta da wansa, a zauren nan da muke zaman makoki. Malam ya ce, "An ce mani kana gudu tsirara gaban Nasara da matan Nasara."

Baffa ya ce, "Wa yac ce?"

"Gari duka."

"Gari duka ƙarya shikai. Yaya, taho ran Asabar ka gani da idonka."

Malam ya ja carbi. "Ni? In taka filin Nasara?"

Baffa ya dube shi. Sannan ya ce, "To ni wa yak kai ni?"

Ba a amsa masa ba, har ya mutu ba a amsa masa ba. Abin da aka yi, aka ware masa kwano. Karatunsa ya fi na rabin gidan daɗi, amma ko mu biyu ne da shi a ƙofar gida ba a yarda ya ja salla ba, wai mai tona gwiwa. Na buɗe baki na ce ni na gani, wandonsa har ƙwauri. Aka ce rufa mana baki, kai ma can kake zuwa, shaidar ɗan kallo ba shaida ba ce. Su da ba su je ba sun sani. Ni da na je ban sani ba. Wandon kuwa bai taɓa shigo da shi gida ba, don Malam ya rantse duk kayan wasan da ya gani a gidan sai ya ƙone. A shagon Tela yake tuɓewa, a can yake sawa.

Ƙarshen wasansa bai ɗauki lokaci ba. Da sojoji ake yi, su da takalma masu ƙusa. Wani ƙato da Baffa ya wuce ta gefensa ya fi a ƙirga ya gaji da dariyar mutane, ya bar ƙwallo ya nufi ƙafa. Daga inda nake na ji ƙarar, kamar an karya icen girki. Baffa bai yi ihu ba. Yana kwance yana jan wandon ƙasa da hannu.

Aka ciro ƙyauren wani shago aka ɗora shi, aka kawo shi ƙofar gidan ubansa. Malam ya fito ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Ku maishe shi inda yas samo ta."

Baturen da ke bubbuga baya fa? Ya aiko masinja, ba don gaisuwa ba. Rigar kamfani ya zo karɓa, da saƙon cewa an sami wani mai duba fata. Wandon ne kaɗai ba su nema ba, don ba nasu ba ne.

Tela ya ɗauke shi. Ya fitar da keken ɗinkinsa waje ya shimfiɗa masa a shago. Shi ya nemo maɗori, shi ya danne ƙafar ana ja, matarsa ta koyi dama fura don majinyaci ba ya iya cin abincinsu mai yaji. Ƙafar ta kama, amma a karkace. Sai da Gwaggo ta yi yaji daga gidan mijinta ta zo ta zauna a tsakar gidanmu tana kuka tana kiran sunan uwarsa, sannan aka ba shi ɗakin da ke kusa da turken jaki. Daga nan ne ya koyi fatar da gaske, yana bin kasuwannin Acida da Kware a kan jaki yana saye. Wannan shi ne fataucin da malamin nan ke yabo. Saura ne. Abin da aka rage masa ne.

Bai zama mai haƙuri ba, kada a yi masa ƙage. Ya zama mai saurin fushi, mai baƙar magana. In ya ga samari suna buga ƙwallon tsumma a lungu sai ya tsaya ya dogara da sanda yana zaginsu: "Ɗaga kai, ɗan banza! Ƙasa mi taƙ ƙwace maka?" Har ya tsufa yana tafe yana waige-waige, dama, hagu, baya, kamar har yanzu akwai wanda zai ba.

Ran Talata ni da Malam muka yi masa wanka. Malam na cuɗawa, ni ina zuba ruwan magarya. An rufe shi daga cibiya zuwa ƙasan gwiwa kamar yadda ake yi wa kowa. Da muka zo ƙafa, sai ga ta nan: ƙwaurin ya lanƙwashe, ƙashi ya yi ƙulli kamar gaɓar rake, yatsu ba farce ko ɗaya, tabon ƙusa a jere. Hannun Malam ya tsaya a kan ƙullin. Na ce a raina yau zai faɗi wani abu.

Ya faɗa. Ya ce, "Mai wanka in ya ga aibi rufewa shikai. Abin da kag gani ka rufe. In kat tada zancen tamaula cikin zauren ga, ka nemi wani zaure."

Ina da mata da 'ya'ya a gidan, ba ni da wani wuri a duniya. Na yi shiru. Na yi shiru ran Talata, na yi shiru ran Laraba. Amma abin da Malam ya karanta rabi ne, ni mai rabin karatu na san sauran: in mai wanka ya ga alheri, faɗa yake yi.

Ran sadakar uku zaure ya cika, tabarmi har waje. Ana cikin raba waina sai ga Tela. Ya tsufa, ya rame, ido ɗaya ya yi fari. Ya yi sallama aka amsa a ciki-ciki. Musulmi ne, ya yi wa Baffa salla a sahun ƙarshe ran Talata. Amma ba wanda ya matsa. Manyan riguna sun baje, kowa ya sami abin dubawa a tafin hannunsa. Mutumin da ya ba ɗan gidan nan ɗaki lokacin da gidan ya rufe ƙofa, ya tsaya a rana da ƙunshi a hammata.

Ya hango ni ya ce, "Ɗana, yaya haƙuri? Kai ka yi masa wanka, an ce." "Ƙafar nan... ta miƙe? Ni na riƙe ta, ka sani. Kullum ina cewa ko ban riƙe daidai ba."

Malam yana dubana. Na san abin da ke kan amsar.

Na tashi tsaye na ce, "Ba ta miƙe ba, Baba. A karkace ta tafi. Amma da ba ka riƙe ba da babu ita gaba ɗaya, don nan gidan ba wanda yat taɓa ta sai shekaranjiya."

Wani ya ce subhanallahi. Wani ya ce in zauna. Ban zauna ba. Tela ya miƙo ƙunshin ya ce, "Kayansa ne. Ban san wa zan ba ba."

Na kwance a gaban kowa. Wandon ne. Ya koɗe, asu ya ci gefe, amma a wanke yake a ninke, har igiyoyin suna nan. Na kama ƙugun na ɗora a kan cibiyata na sake shi. Na fi Baffa tsawo. Duk da haka wandon ya sauko ya wuce gwiwata.

Na ce, "Ga tsiraicin. Ku duba da kyau, ku da kunka gani ba ku je ba. Ga wanda yaɗ ɗinka shi tsaye a rana, ku tambaye shi. Nasara bai ga gwiwar Baffa ba. Filin wasa bai gani ba. Ni da niz zuba mai ruwa ban gani ba. Kun hana shi liman, kun ware mai kwano, kan gwiwar da babu mahalukin da yat taɓa ganin ta."

Malam ya dubi wandon. Leɓensa yana motsi. Can ya ce, a hankali, "Ban sani ba."

Na ce, "An ce ka taho ka gani."

Bai ce in fita ba. Bai ce Allah ya yafe masa ba. Ya juya ga na kusa da shi ya ce, "A matsa ma baƙo."

Sai ga wuri ya samu. Ashe akwai wuri. Manyan riguna suka tattare, tabarma ta fito fili, har da mai kaɗe ta da hannu. Tela ya dubi tabarmar, ya dubi Malam, ya ce, "Na gode, Malam. Ba zama na zo yi ba." Ya ɗaga hannu ya yi wa abokinsa addu'a a tsaye, ya shafa, ya juya. Na raka shi har Sabon Gari da wandon a hannuna, yana ba ni labarin ƙwallayen da ya ci, kowace sai ya ce, "Shi ya ba ni."

Ina nan a gidan har yau. Ba wanda ya kore ni, ba kuma mai yi mini magana sai Gwaggo. An fara aiko mini da tuwona a kwano dabam. Na gane kwanon.

Ya Allah, kai ka ga abin da ba su je sun gani ba. Ka karɓi bawanka da aka bayar tun yana ƙarami ba a tambaye shi ba. Ka yalwata masa kabari, ka miƙe masa ƙafa, ka sa shi a sahun gaba. Sauran mu kuwa, ka yi mana yadda ka ga dama. Amin.